Ɓoru ya shiga garke: yaya za a yi da nono?



Duk wanda ya taɓa yin sammako a hanyar Tsibiri zuwa Maraɗi ya san su. Mata ne da 'yan mata, ƙwarya a kai, an rufe ta da faifai, ludayi a sama. Wasu a ƙafa suke tafe, wasu kuma yanzu a bayan babur, da jarka. Haka ma a hanyar Jiratawa. Da nonon da suka ɗauko ake dama furar rana a cikin gari. Da kuɗinsa kuma matar makiyayi ke sayen hatsi da gishiri da sabulu, har da maganin yaro. Saniya ta maigida ce, amma nono na uwargida ne.

A wata kaka da ta wuce, wata ɗaliba mai sayar da nono ta daina zuwa aji a wani ƙauye na wajen Tsibiri. Da muka tambaya, sai aka ce ɓoru ne ya shiga shanun mijinta. Labari ya kai gari. Masu saye suka juya mata baya, aka ce nononta na da cuta. Ranar farko ta komo da kayanta. Akwai madara ɗanya a ciki, wadda ba ta so ta zubar, sai ta ba maƙwabciyarta sadaka. Ita kuma ta ba wani maraƙi da uwarsa ta mutu. Ba a yi mako ba maraƙin ya kwanta. Rugar da ke gaba da su kuwa, da suka ga abin da ya sami wannan baiwar Allah, sai suka yi shiru da nasu ciwon, suka ci gaba da talla kamar babu komai.

Mun daɗe muna tunanin wannan al'amari. Kowa ya yi abin da yake gani daidai ne, kuma kowa ya yi hasara. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna da ku a kan wannan magana, tun da lokacinta ne.

Mene ne ɓoru?

Ɓoru ciwon baki da kofato ne. Wasu Fulani na ce masa mboru, wasu safa. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta. Yana kama dabbobi masu tsagaggen kofato: shanu, tumaki, awaki da aladu. Ba ya kama doki, ba ya kama jaki, ba ya kama kaji.

Saniya na farawa da zazzaɓi, ta ƙi cin abinci. Sai miyau ya riƙa dalala daga bakinta kamar zare. In an buɗe bakin, za a ga ƙuraje masu ruwa a harshe da dasashi, kamar na ƙunar wuta. Suna fashewa su bar gyambo. Irinsu na fitowa a tsagar kofato, sai dabba ta riƙa ɗingishi. Suna fitowa kuma a kan nonon saniya, tatsa ta zama azaba gare ta. Madara na raguwa nan da nan, wani lokaci ta kusa ƙafewa.

Manyan shanu ba su cika mutuwa ba. Baki kan warke cikin mako 2 ko kusa da haka, ƙafa kan ɗan daɗe. Wannan ne ya sa wasu makiyaya ke raina shi. Dattawa sun ga bushiya, wadda ke share garke, kuma an kawar da ita daga duniya baki ɗaya a shekarar 2011. In an gwada su, sai a ga ɓoru kamar mura. To amma a tambayi mai nono. Saniyar da ta yi ɓoru takan yi watanni ba ta koma tatsonta na da ba. Wata ta yi ɓari. Sa na huɗa ko na amalanke ya kwanta daidai lokacin kwasar amfanin gona. Maruƙa kuwa, cutar na taɓa musu zuciya, sai a wayi gari maraƙi ya faɗi ya mutu, ba a ga ko ƙurji ɗaya a bakinsa ba.

Me ya sa yanzu?

An yi wani bincike a kan rahotannin ma'aikatar kiwo ta ƙasarmu. An ƙidaya ɓarkewar ɓoru sau 791 a jihohi 8 na Nijar, daga 2007 zuwa 2015. Wannan abin da aka kai rahotonsa ne kawai. Binciken ya nuna cutar ta fi yawa daga Satumba zuwa Janairu, wato daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar ɗari.

Mu mutanen jihar Maraɗi mun san dalili. Da an cire amfanin gona, garkuna na gangarowa daga arewa, daga wajen Dakoro da Bermo da kwarin Tarka. Suna bin burtali, suna shiga gonaki cin kara da karmami. Manomi na murna, don zai sami taki. Wasu garkunan na wucewa kudu, wajen Madarunfa da Ɗan Isa, har su tsallaka Jibiya. Gulbin Maraɗi ya riga ya janye, ya bar tafkuna nan da can. Shanun gari da na daji na haɗuwa a mashaya ɗaya, suna sa baki a kwami ɗaya. Ranar kasuwa kuma su haɗu a kara ɗaya. Ɓoru ba ya neman abin da ya fi wannan.

Yana kama mutum?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mana. Ɓoru ciwon dabbobi ne. Da wuya ƙwarai ya kama mutum, in ma ya kama, 'yan ƙuraje ne da kan warke da kansu. Akwai wani ciwon yara mai fitar da ƙuraje a baki da tafin hannu da tafin ƙafa. Wannan dabam yake, ba daga shanu yake zuwa ba.

Saboda haka, mutanen gari, babu dalilin korar mai nono. Yaranmu na bukatar nono, musamman waɗanda aka yaye. Ƙasar Maraɗi ta ga tamowa a 2005, ba mu manta ba. Abin da muke cewa shi ne kada a sha ɗanyar madara, ko da ɓoru ko babu. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka, da ciwon nan mai sa shanu ɓari, wanda ke sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Waɗannan su ne abin tsoro ga mutum.

Haɗarin ɓoru a cikin nono, haɗari ne ga wasu dabbobin. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙwayar cutar na fita cikin madara har kwana 4 kafin a ga alama ko ɗaya a jikin saniya. Saniya na kiwo lafiya lau, tana tuƙa, amma madararta ta riga ta ɗauki cuta. Don haka in ɓoru ya ɓulla a yanki, ba a cewa "wannan saniyar lafiyarta ƙalau, madararta ba ta da komai". Duk madarar yankin sai a ɗauke ta a matsayin abin tuhuma, a yi mata abin da za mu faɗa yanzu.

Wuta da tsami

Allah da ikonsa, ƙwayar ɓoru na da abokan gaba guda biyu, kuma duka suna cikin gidajenmu. Ba ta jure zafin wuta, ba ta jure tsami.

A masana'antu ana dumama madara zuwa awon zafi 72 na daƙiƙa 15. Wannan na kashe cututtukan da ke kama mutum. Amma masana sun gano cewa ƙwayar ɓoru kan ɓuya cikin maiƙon madara, kaɗan daga cikinta ya tsira. Mu a gida ba mu da ma'aunin zafi, kuma ba mu bukatarsa. A ɗora madara a wuta tun a ruga, da zarar an gama tatsa. A bari ta tafasa ta taso. A rage wuta, a ci gaba da motsawa na 'yan mintoci don kada ta kama. A sauke, a rufe, ta huce.

Da ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, a zuba mata ɗan nonon jiya mai tsami, a rufe ta kwana. Dole ne a sa wannan, domin wuta ta kashe abin da ke sa madara tsami da kanta. Nonon da ya kwana ya yi tsami sosai, ƙwayar ɓoru ba ta rayuwa a cikinsa. Wanda aka tafasa kuma ya yi tsami, an rufe ƙofa biyu ke nan. Shi ne ya dace ya kama hanyar gari. A lokacin ɗari nono na jinkirin kwanciya. In an ɗanɗana aka ji bai yi tsami ba, a ƙara masa lokaci kusa da murhu, kada a yi gaggawar fita da shi.

Kowa zai lura cewa kakanninmu sun riga mu sanin rabin wannan magana. Nono mai tsami suka saba kaiwa kasuwa, ba madara ba. Zamani ne ya kawo jarka da babur, madara ke isa Maraɗi da ɗuminta.

Mun san akwai ƙorafi. Itace na da tsada, kuma mace ce za ta nemo shi. Wasu kuma sun ce mana tafasa madara na sa hantsar saniya ta bushe. Ba mu raina maganar manya ba, amma madarar da ta riga ta fita ba ta da sauran hulɗa da hantsa. Ɓoru ne ke busar da hantsa. Maganar itace kuwa gaskiya ce. Inda gidaje ke kusa, gara a haɗa madarar a tukunya ɗaya, wuta ɗaya, a auna ta kowa da ludayi kafin a zuba. Amma ba a haɗa ta rugar da ke da ciwo da ta rugar da ke lafiya. Masu saye kuma, in mai nono ta ɗan ƙara kuɗi saboda itace, kada ku yi mata ciniki mai zafi.

Akwai abubuwa biyu da ke bukatar lura. Man shanu maiƙo ne, kuma mun ce cutar na ɓuya cikin maiƙo. A soya shi kafin ya bar ruga. Cuku kuma da ɗanyar madara ake yin sa, ba ya tsami kamar nono, rana kawai ke busar da shi. Garken da ke da ɓoru a dakatar da yin cukun sayarwa sai ciwon ya wuce.

Abin da Ingila ta koya

Ba mu kaɗai ke fama da wannan cuta ba. A Ingila, a ɓarkewar 1967 zuwa 1968, an gano cewa motocin da ke zagayawa suna kwasar madara sun taimaka wajen kai cutar daga gona zuwa gona. Da ta sake ɓarkewa a 2001, an kashe dabbobi fiye da miliyan 6 don a tsayar da ita. Duk da haka ba a hana kwasar madara daga gonakin da ke lafiya ba. An riƙa wanke tayoyin mota da magani a ƙofar kowace gona, direba na wanke takalmansa, an sa wa tankin matata a inda iska ke fita. A 2025 ma cutar ta shiga shanun madara a Hungari da Sulobakiya.

A nan ba a kashe garke saboda ɓoru. Cutar zaunanniya ce a ƙasashenmu, kuma shanu su ne dukiyar talaka. Amma darasin motar madara namu ne. Mu ma muna da motar: ƙafar mai talla ce, da tayar ɗan kabu-kabu, da jarkar da ke kwana a ruga uku cikin mako.

Ƙafa, ƙwarya da taya

Ƙwayar ɓoru na cikin miyau da kashi da fitsarin dabba. Tana mannewa a takalmi, a hannu, a igiya, a gindin ƙwarya da aka ajiye a ƙasa. A lokacin ɗari takan daɗe a raye cikin kashin shanu da danshi.

Shawararmu babba ita ce a raba inda shanu suke da inda ake ciniki. A zaɓi wuri a bakin hanya, gindin wata itaciya, nesa da garke da mashaya. Mai nono ta kawo kayanta nan. Mai saye, ko ɗan babur da ke tara nono, ya tsaya nan, kada ya shiga ruga. Ya zo da jarkarsa, a juye masa, kowa ya koma da mazubinsa. Ɗan babur da ke bin ruga-ruga ya fara da masu lafiya. Inda ake zargin ciwo ya bar shi ƙarshe, daga nan ya wuce gari kai tsaye.

A cikin gida kuma, in da hali, mai tatsa dabam, mai talla dabam. In mace ɗaya ce, ta wanke hannu da sabulu, ta sake zane da takalmi kafin ta fita. Ƙwaryar tatso ta zauna gida, ta talla ce ke fita. A tatsi masu lafiya da farko, marasa lafiya a ƙarshe, a wanke hannu tsakani. Saniyar da nononta ya yi gyambo, ko madararta ta fito da jini ko gudaji, ba a sayar da tata ko an tafasa. Amma a riƙa tatse ta a hankali, don kada hantsa ta kumbura ta lalace. Abin da aka tatso a haƙa rami a binne, kada a watsar inda dabba za ta lasa.

Wajen wanki, a fara da cire datti. Magani ba ya aiki a kan taɓo da kashi. Ƙwarya da jarka a wanke su da sabulu da ruwan zafi, a kife su a rana. Ƙwaryar da ta tsage aka ɗinke tana riƙe saura a cikin ɗinkin, a huta da ita a wannan lokaci. Takalma da tayoyi kuwa, likitocin dabbobi na amfani da sodar wanki, giram 40 a lita 1 na ruwa. Kanwa danginta ce, sai dai ƙarfinta ya bambanta daga wata zuwa wata, don haka a tambayi ma'aikacin kiwo abin da ya dace. Ruwan tsami mai ƙarfi ma na kashe cutar. Amma kada a haɗa tsami da kanwa wuri ɗaya. Duk mai girki ta san kanwa na kashe tsami. In an gama su, duka biyun sun tashi banza.

Matan gari, ku ma da aikinku

Gidaje da yawa a Tsibiri da Maraɗi da Jiratawa na da akuya ko rago a turke. Jar akuyar Maraɗi sananniya ce har a ƙasashen waje. Awaki da tumaki na kamuwa da ɓoru, amma sau da yawa ba ya nuna musu sosai: ɗan ɗingishi na kwana biyu, shi ke nan. Suna iya ɗauke da shi, su fita kiwo da safe cikin na unguwa, su raba wa kowa.

Mun saba zuba wa dabba ruwan wankin ƙwarya da sauran madara a cikin dusa. A wannan lokaci a daina, sai wanda aka tafasa. Maraƙi ko ɗan akuya maraya, in za a ba shi madarar wata, a tafasa ta huce tukuna. Wanda ya sayo dabba a kasuwa kuma, ya ɗaure ta gefe guda, da mazubin ruwanta dabam. Cutar na iya ɓoyewa daga kwana 2 zuwa kwana 14 kafin ta bayyana, saboda haka a ba ta aƙalla mako 2 kafin a haɗa ta da sauran.

Allura da magani

Babu maganin da ke kashe ƙwayar ɓoru a jikin dabba. Jinya ake yi: inuwa, ruwa a kusa, abinci mai laushi kamar jiƙaƙƙiyar dusa da ɗanyen haki, a wanke gyambo, a kore ƙuda. Allurar teramisin da ake saye a kasuwa ba ta taɓa ɓoru. Amfaninta kawai hana gyambo ruɓewa, kuma ma'aikacin kiwo ne ya san inda ake bukatarta. Saniyar da aka yi wa irin wannan allura, maganin na fita cikin madararta. Ba a sayar da ita, ba a ba yara, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Mai nono ma za ta gani da idonta: irin wannan madara takan ƙi kwanciya yadda ya kamata, domin maganin na kashe abin da ke kawo tsami. Tsamin da muke dogara da shi ya tafi ke nan.

Allurar riga-kafin ciwon huhu da ake yi wa shanu kowace shekara, da ta annobar awaki da tumaki, ba su kare dabba daga ɓoru. Shi da tasa allurar dabam. Kuma ƙwayar iri 7 ce, allurar wani iri ba ta tare wani. Kariyar ma takan yi kamar wata 6 ne, sai an sake. Wannan ne dalilin da ya sa garke kan yi ɓoru bana, ya sake yi baɗi. Don a san irin da ya shigo, sai ma'aikaci ya ɗebi fatar ƙurji tun yana sabo, a aika ɗakin bincike na LABOCEL a Yamai. In an bari gyambo ya fara warkewa, an makara.

Saboda haka ne doka ta sa ɓoru cikin cututtukan da dole a kai rahotonsu. Wanda ya ga alama ya gaya wa arɗo ko maigari, a sanar da ma'aikatar kiwo mafi kusa a ranar. Mun san abin da ke hana makiyayi magana: tsoron a tsare shanunsa, a kori matarsa daga kasuwa. Shugabannin gari ne za su cire masa wannan tsoro. Su faɗa a fili, a masallaci da kasuwa, cewa dabba mai ciwo ce za ta tsaya wuri ɗaya, a ware mata mashaya, amma nonon da aka tafasa ya yi tsami zai ci gaba da shiga gari. Muna roƙon masu unguwanni da arɗo-arɗo na Tsibiri da Jiratawa su zauna tun yanzu, kafin garkunan arewa su gama saukowa, su zaɓi itatuwan da za a riƙa haɗuwa a gindinsu, su kuma shaida wa 'yan babur.